Siririn Haske a Akwatin Duhu

"Rintaro, kalle ni."

Ban kalle ta ba. Na ci gaba da sa safar hannu.

"Na san idon nan naka," in ji Chizuru. A ɗakin gwaji ido kaɗai ake gani, sauran duk farar riga ce da takunkumi. "Me ka shirya wa Baba?"

"Ba komai."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, masoyi."

Babanta, Kuwabara, shi ne shugaban sashenmu. Shi ya kori nawa uban daga aiki a wannan sashen tun ina yaro, a kan wani farantin silikon na na'urar bincike da allurar gwaji ta karce. Bai bincika ba. A gaban kowa ya ce hannun babana yana rawa. Yanzu Baba lemo yake tsincewa a rumbun manoma. Da na je neman auren Chizuru, ko shayi mutumin nan bai bari an zuba mini ba. Cewa ya yi rawar hannu gado ce.

Yau masanan Turai sun zo karɓar farantansa na ƙarshe kafin ya yi ritaya, farantan da za su riƙa kama sawun ƙwayoyin zarra. Ni zan gwada su. A akwatin duhu ake yi, domin in haske ko da kaurin gashi ne ya shiga, wuta za ta yi ta yoyo, lafiyayyen faranti ya koma kamar matacce.

Na riga na manna guntun salatif a bakin murfin, don kada ya rufu ruf.

"Ni na goge su, ni na jera su," ta ce a hankali. "In suka faɗi gwajin, hannun wa zai nema?"

"Ke 'yarsa ce."

"Ashe ba ka san shi ba..."

Na kunna wuta. Layin da ke allon kwamfuta ya miƙe sama, alamar wuta tana yoyo. Na sa faranti na biyu, haka. Na uku, haka. Baƙin suka fara duban juna. Kuwabara ya sunkuya musu har ƙasa, wuyansa ya yi jajir. Wallahi na ji daɗi. Na ji shi har cikin haƙorana.

Sai ya ɗago.

"Wa ya taɓa su ƙarshe?"

Chizuru ta tako ta tsaya jikin akwatin. Na ga yatsanta ya bi bakin murfin. Ƙwas. Layin ya sauko ya kwanta.

"Ni ce, Baba. Ni na goge murfin, ban duba ya zauna ba."

"A nan ba ki da uba. Cire safar, ki fita. Kada ki ƙara shigowa ɗakin nan."

Kalmomin korar da ya faɗa wa babana ne, ba ragi. Na buɗe baki, takunkumi ya rufe mini asiri, na mayar na rufe. Da aka sake gwaji, farantan duka suka haye. Baƙi suka yi ta yabonsa.

Na same ta a ɗakin canja kaya, ta cire takunkumi, fuskarta jiƙe.

"Chizuru..."

Ta kama hannuna, ta buɗe tafin, ta manna mini salatif ɗin.

"Ka rama, Rin. Ya ka ji?"

"Shi na nufa."

"Na sani. Na tsaya can ina jira ka ce kai ne. Shi ya kore ni, kai ka yi shiru. Wanne zan aura a cikinku? Ai mutum ɗaya ne."

Ta rataya farar rigarta, ta fita.

Da yamma na tarar da babana a bakin ƙofa yana ɓare lemo. Hannunsa ko rawa ba ya yi.

"Ina 'yar tawa, Chizuru?" ya ce. "Ka ce mata ta zo ran Lahadi. Na ware mata masu zaƙin."