Ambulan Ɗin Dakta Mubina

Ranar Laraba da hantsi, cikin Oktoban 2006, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda da ke tsakiyar Greensboro, a Amurka, tana neman Sufeto Surajo. Shi kaɗai ne Bahaushe a ofishin, don haka duk mai matsala a cikin jama'a ƙafarsa yake nema.

"Sunana Mubina. Ina binciken ciwon sikila a jami'a," ta ce. "An sace min saƙo."

Ta ajiye wata wasiƙa a gabansa. Hukumar shige da fice ta ƙi ba ta girin kad, wato takardar zama ta dindindin, da ta nema a matsayin mai binciken kimiyya. Sun nemi ƙarin hujja, sun ba da wa'adi, kuma ba su ga komai ba. Bizarta saura kwana talatin.

"Kin aika hujjar?"

"Wasiƙun farfesoshi bakwai, da duk abin da na wallafa. Shekara shida ke nan, Sufeto. 'Yata Malika ma sikila gare ta, duk wata ake ƙara mata jini a nan. In muka koma, ban san..."

"Wa ya kai gidan waya?"

"Baba Nouhou mai tasi. Ina asibiti da yarinyar, na ba shi sallahu ranar Litinin, huɗu ga Satumba."

"Ina rasit?"

Ta sunkuyar da kai. "Haba Sufeto. Dattijon da ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya yi wa 'yata huɗuba? In dube shi in ce ina rasit?"

Wallahi Surajo shi ma da ba zai iya ba, abin da ya fi ɓata masa rai ke nan.

Ya nufi High Point Road, kantin Hajiya Bebi, inda direbobi ke shan shayi. Ita kuwa bakinta ba ya hutawa.

"Ni na ga rasit ɗin da idona!" ta ce tun kafin ya zauna.

"Wane launi ne?"

"Fari... ko kore? Kai Sufeto, ka bar Baba Nouhou, bawan Allah. Mutumin da ya yi digiri uku kan kimiyyar jini, ya ƙare a tuƙin tasi saboda an hana shi takardar zama, ai ya sha wuya ya isa."

Surajo ya rubuta wannan a littafinsa. Shekara goma yana gaida Nouhou, bai taɓa sanin haka ba.

Ya same shi bayan la'asar yana goge gilashin motarsa. Dogo ne, ɗan Maradi, gemunsa ya yi fari tas.

"Baba, yaushe ka kai saƙon Dakta?"

"Ran da ta ba ni. Litinin da azahar, babban gidan waya."

"Litinin ɗin nan hutun ma'aikata ce. A rufe yake."

Tsumman ya tsaya a hannun Nouhou. "To Talata ce. Tsufa, ɗana. Ni zan cuci Mubina? Yarinyar da Farfesa Sylvanus ya rubuta cewa cikin shekara talatin bai ga ɗaliba irinta daga Afirka ba?"

Surajo ya yi masa sallama, ya koma mota ya kira Mubina.

"Me Farfesa Sylvanus ya rubuta a wasiƙarsa?"

"Ban sani ba. A liƙe ya ba ni, ya sa hannu a bakin ambulan ɗin. Ni kaina ban karanta ba."

Innalillahi. Surajo ya daɗe riƙe da sitiyari. Ya so a ce ɓarawon wani ne can da bai sani ba.

Washegari ya dawo da takardar izinin bincike, Mubina na biye da shi. Direbobi suka taru a ƙofar kantin. Ba a sha wuya ba: a bayan tasin Nouhou, ƙarƙashin tayar safaya, cikin ledar burodi, ga babban ambulan ɗin. Adireshi daidai, an manna kan sarki, wasiƙa ɗaya ce kawai aka farke.

Nouhou ya zauna a bakin kwalta, ya cire hularsa.

"Na je ranar Talata, wallahi na je. Na sayi kan sarki, ina cikin layi, sai na leƙa cikin ambulan ɗin na ga sunan Sylvanus. Shekara huɗu na yi masa aiki. Da na roƙe shi wasiƙa don dosiye nawa na neman takardar zama, cewa ya yi ba shi da lokaci. Na ce bari in ga abin da ya rubuta mata. Da na karanta, ƙafafuna suka ƙi kai ni gaban kantar gidan wayar. Na ce gobe. Goben ma na ce gobe. Kullum ina ɗauke da shi a mota, ina kai Malika asibiti a kansa."

Hajiya Bebi ta ɗora hannu a ka.

Mubina ta kira lauyanta a nan tsaye. Surajo yana jin amsar daga inda yake: za a gwada ɗaukaka ƙara, amma wa'adi ya wuce, ta fara shirin tafiya.

Ta kashe wayar. Surajo ya zaro ankwa.

"Don Allah, Sufeto," ta ce, hawaye na zuba, "kar ka sa masa a gaban mutane. Babba ne."

Sai a lokacin Nouhou ya fashe da kuka, irin kukan da dattijo ba ya yi a fili. Surajo ya mayar da ankwar aljihu, ya kama shi a kafaɗa ya kai shi mota.

Da ya waiwaya, Mubina na durƙushe a bayan tasin tana jera wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Ta kai kan wadda aka farke, ta buɗe, ta fara karantawa.