Ruwan Taliya a Dajin Shenandoah

Kwana tara muna yawo a motar nan mai gado da kicin a ciki, daga wannan gandun daji zuwa wancan, wai Baban Afnan yana so yara su ga Amurka. Ni kam bayana kamar zai tsinke. Daren ƙarshe muka yada zango a Shenandoah, saura tafiyar awa biyu mu isa gidanmu a Alexandria.

Kowa ya yi barci, ni kaɗai ke tsaye ina dafa taliyar guzurin gobe. Tankin ruwan wanke-wanke ya cika, sai na buɗe ƙofa na watsa tafasasshen ruwan taliyar cikin duhu. Tun muna yara Inna take hana mu zubar da ruwan zafi da dare ba bisimilla. Gajiya ta mantar da ni.

Nan take kukan gyare ya ɗauke.

"Salamu alaikum, masu gida."

Muryar tsohuwa ce, Hausa tsantsa, a dajin da tun safe ban ga baƙar fata ba. Na amsa, na leƙa. Tana tsaye gindin matakala, lulluɓe da zane, da goyo a bayanta. Fitilar ƙofa na haska ta, amma babu inuwarta a ƙasa.

"Sannu, Iya. Daga ina?"

"Nan muke tun kafin a yi hanyar," ta ce. "'Yar nan, wa ya zubo mana ruwa?"

Ta juyo mini baya a hankali. Tururi na tashi daga goyon, ga silin taliya ɗaya manne a zanen, kuma goyon ba ya motsi.