Dakan Liyatu

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Talata waya ta shigo ofis: an sami gawar wani dattijo a Vinikilang, unguwar da ke tsallaken kogi daga Yola, kuma 'yan unguwa sun ce matarsa ce ta kashe shi. Sufeto Salihu Njidda ya ce to a riƙe ta mana kafin ya iso. Mai wayar ya ce ai matar shekararta biyu a kabari.

Sufeto ba ya son irin wannan ƙara. Shekara goma sha tara yana aiki bai taɓa sa wa fatalwa ankwa ba, amma kakarsa ce ta rene shi, saboda haka ba zai rantse cewa babu su ba. Ya ɗauki Kofur Asta suka haye gada.

Baba Apollos, tsohon hedimasta, yana kwance a tsakar gida, bakin ƙofar wani ɗaki mai kwaɗo. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan damƙe da makulli. Ba jini, ba rauni. Jama'a sun cika ƙofar gida, amma ba wanda ya yarda ya tsallako ciki.

'Yarsa Virtue, malamar firamare, ita ta fara magana.

"Ɗakin Mama ne. Liyatu sunanta. Wata uku ke nan, kullum la'asar sai mu ji daka a ciki."

"Ba daga maƙwabta ba?"

"Dakanta ne, Yallaɓai. Kafaɗarta na ciwo, bugu biyu take yi ta huta. Kuma ba kunne ke ji ba, a ƙirji yake sauka. Har kwanuka rawa suke."

"Baba yana da ciwo?"

"Zuciya. Likita ya hana shi firgita." Ta share fuska. "Ka ji abin da suke faɗa a waje? Wai mayya ce, ta dawo ɗaukar mijinta. Sun ce a tone ta. Matar da ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba! Don Allah ka wanke ta."

Sufeto ya zare makullin daga hannun mamacin ya buɗe ɗakin. Gado, akwatin ƙarfe, kujera 'yar tsugunno. Turmin yana kife a lungu, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da taɓarya. Wannan turmi ya daɗe bai ga hatsi ba. Duk da zafin Yola, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya ji haushin kansa kuma.

A waje ya tare maƙwabcinsu Manasseh, wani mai gyaran keke da bakinsa ba ya gajiya.

"Liyatu ne, Oga, shi ne ya dawo. Ni da kunnena, kullum!"

"Kullum? Ba fashi ko sau ɗaya?"

Manasseh ya sosa ƙeya. "Sai dai lokacin da taransifoma ya ƙone. Kwana tara ba wuta, kwana tara ba daka. Mun ce ko addu'an fasto ne ya kama."

Kofur Asta ta dubi Sufeto ta gefen ido. "Yallaɓai, fatalwa mai jiran a kawo wuta?"

Bai yi dariya ba. Ya tambayi wa ke kwana a ɗakin da ya haɗa bango da na marigayiya. Aka ce ɗanta Boaz, ƙanen Virtue, mai haɗa wa ƙungiyoyin mawaƙan coci waƙa a kwamfuta.

Boaz na zaune bakin katifa, dogo, idanunsa a bushe. A kan teburinsa akwai kwamfuta da sifikoki biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Ina kake lokacin da Baba ya faɗi?"

"Nan, ina aiki. Waƙa na tashi a sifika, ban ji komai ba sai ihun Virtue."

"Tun lokacin ka taɓa sifikokin?"

"Ban taɓa ba."

"Kunna mana waƙar."

Ya danna. Layin waƙa ya kama tafiya a fuskar kwamfuta, amma ɗakin tsit. Kofur Asta ta leƙa bayan sifikokin.

"Irin masu amfilifaya a ciki ne, Yallaɓai, kowacce da makunninta. Duka biyun a kashe suke."

"Da me ka ji waƙar, Boaz?"

"Na... na manta, na kashe su daga baya."

"Yanzu ka ce ba ka taɓa su ba."

Sufeto ya durƙusa ya bi wayoyin da yatsa. Ya zaci daga kwamfuta za su miƙe zuwa sifika. Ina! Biyu sun fita daga kwamfuta sun shige bayan kabad ɗin kaya, wasu biyun sun fito daga can sun hau tebur.

"Me suka je yi bayan kabad?"

"Tsawo suka yi, na naɗe su."

"Kofur, taya ni."

Suka ja kabad ɗin. An cire bulo huɗu daga gindin bangon, an cusa wani baƙin akwati mai nauyi a ramin, bakinsa na kallon ƙarƙashin gadon Liyatu. Ƙaramar fitilarsa tana ci.

"Wufa ce," in ji Kofur. "Mai fitar da ƙasan sauti, wanda ke dukan ƙirji. Sauti ta cikinta yake bi kafin ya je sifika. In ka kashe sifikokin, ita kaɗai za ta yi ta gurnani, kuma kunne ba ya gane inda irin wannan ƙara ke fitowa."

Sufeto ya duba jerin abubuwan da aka buɗe a kwamfutar ranar. Na ƙarshe kafin waƙar sunansa "Mama". Ya danna.

Dum. Dum. Shiru. Dum. Dum.

Ƙasa ta amsa a tafin ƙafarsa. A ƙofar gida mata suka kwasa da gudu suna kiran sunan Yesu. Ga akwatin a gabansa, ga wayoyin a hannunsa, amma wallahi sai da ya waiga ya dubi bangon. Ya kashe da sauri.

Virtue na tsaye bakin ƙofa, ta toshe baki da hannu biyu.

"A wayata na ɗauki sautin dakanta, Kirsimetinta na ƙarshe," in ji Boaz, kansa a ƙasa. "Wata takwas tana ciwo. Baba ya ce lalaci ne, ya hana a kai ta asibiti. Ba ya cin garin inji, sai na turmi. A gindin turmin nan ta faɗi. Har aka binne ta bai ce ya yi kuskure ba. So nake ya faɗa, ko sau ɗaya."

"Ka san yana da ciwon zuciya?"

"Na sani."

"Yau me ya bambanta?"

"Na ƙure ƙarar." Ya dubi ramin bangon. "Na ji takunsa ya zo ƙofar. Na kasa kunne ta ramin."

"Ya faɗa?"

Boaz ya girgiza kai, hawayen da ya riƙe tun la'asar suka zubo.

"Cewa ya yi, 'Liyatu, ajiye haka nan, kin gaji. Kawo in karɓe ki.'"

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi, na uban da na ɗan duka, amma ya miƙa wa Kofur hannu ta ba shi ankwa.

Da suka fito da shi, jama'a suka dare gida biyu. Virtue ta biyo su har bakin mota. Ba ta dubi ƙanenta ba. Ta juya ga 'yan unguwa, ta ɗaga murya yadda na bayan ma zai ji.

"Kun gani? Mamana ba ta kashe kowa ba. Ku bar ta ta kwanta."

Sannan ta zauna a ƙasa, nan bakin hanya, motar ta tashi.