Kujera Ɗaya a Sashen Tattalin Arziki

"Sake faɗa in ji..."

Auta na tsaye a bakin teburinsa, jaka a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba.

Malam ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Cewa na yi ki zaɓi kasuwanci, zuciyata."

"Ni?"

"Ke mana. Ai can ma ana karanta tattalin arziki. Duk kanwar ja ce."

"Kanwar ja! Kai da bakinka ka ce min a can da cokalin shayi ake ɗanɗana musu shi, sauran duk lissafin kamfani ne da dabarun talla!"

"Na faɗa. Amma lokacin ban karanta dokar ba."

Dokar ba doguwa ba ce. A jami'arsu, ɗalibai kan yi shekarar farko tare, sannan kowa ya zaɓi hanya: ko digirin tattalin arziki zalla, ko na kasuwanci mai ɗan gutsuren tattalin arziki a ciki. Malam kuwa ƙaramin malami ne a sashen tattalin arziki, kuma ba a yarda malami ya auri ɗalibar sashensa ba. In ta shigo, ko dai ya jira har ta gama, ko ya tattara littattafansa ya koma wani sashe, daidai lokacin da ake shirin tabbatar masa da aiki.

"To mu jira mana," in ji ta.

"Haba Autata! Dubi kaina, gashin ma ya fara sallama."

"To ka koma sashen ƙididdiga. Ai sun taɓa nemanka."

Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce a ciro masa wata.

"Ki yi tunani dai, hasken idona. Duk ɗaya ne."

Namiji in ya ce miki abu biyu duk ɗaya ne, ki duba da kyau, ya riga ya zaɓar miki guda. Mu mazan da furfura ta fara yi wa sallama mun san wannan, don mun daɗe muna cin abinci da shi.

Abin haushin, shi ya koya mata son karatun.

A shagon Babanta suka haɗu, inda ake sayar da fenti da tayal. Ya zo sayen ƙaramin gwangwani, ya tarar da ita tana damun yaran shago da tambaya: me ya sa tun da aka fara maganar sabon titi farin fenti ya yi tsada, alhali ko ƙasa ba a zuba ba? Yaran suka ce haka Allah ya so. Malam ya jawo bokitin fenti ya zauna a kai, ya yi mata bayanin yadda tsammanin mutane kaɗai ke iya ɗaga farashi. Washegari ya dawo da littafi. Bayan littafin, wani littafin. Kafin ta ankara, ta kasa rabe wanda take jira tsakanin littafin da mai kawo shi.

Baba tun ranar farko bai ƙaunace shi ba.

"Mutum ya share yini a kan bokitina, ya sayi gwangwanin da ko ƙofar banɗaki ba zai isa ba, ya tafi da hankalin 'yata!"

Da ta je gida da maganar zaɓin kuwa, Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Auta, in kin gama wannan tattalin arzikin, me za ki iya?"

"Zan san dalilin da ya sa mutane ke daina saye, Baba."

"Ni ma na sani. Ba su da shi ne. Ga shi na ba ki digirin kyauta."

Yayanta ya ƙyalƙyale da dariya har da buga ƙafa.

"Ki yi kasuwanci," Baba ya ci gaba. "Wannan shagon wa zan bar wa? Wannan da ke dariya? Bai san bambancin tayal ɗin ƙasa da na bango ba."

Dariyar Yaya ta tsaya cak.

Umma ta bi ta ɗaki.

"Ke Auta, shi malamin naki me ya ce?"

"Abin da Baba ya ce."

"To fa! Ranar da kika ga kura da akuya sun yarda a kan abu ɗaya, ki lissafa 'ya'yanki."

Auta ta zaɓi tattalin arziki.

Kujerun sashen kaɗan ne, sai an zauna gaban kwamiti an amsa tambayoyi. Da ta shiga, ta ga shugaban sashe, da wata farfesa mai kaifin ido, da Malam a ƙarshen tebur yana rubutu kamar bai taɓa ganinta ba. Ba wanda ya san tsakaninsu a sashen, shi ya ce a ɓoye tukuna.

Farfesar ta tambaye ta: in hukuma ta tilasta wa motocin haya rage kuɗin mota, wa zai amfana?

"Mai ƙarfin kafaɗa," in ji Auta. "Motoci za su ragu, layi ya yi tsawo, tsohuwar da aka yi dokar dominta ita za a bari a tasha."

Farfesar ta ɗago ta dube ta, ta yi murmushi.

Auta ta fito ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Da sakamako ya fito, babu ita.

Kujerar ƙarshe ta tafi ga Gimbiya, abokiyar ɗakinta a makaranta, wadda aka yi wa laƙabin saboda ko shara za ta zubar sai ta yi kwalliya. Duk shekarar da rubutun Auta ta yi karatu.

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Malam ya zo har gida da leda cike da lemo.

"Ki yi haƙuri, zuciyata... wani hanin ga Allah baiwa ne."

"Na ɗauka na iya, Malam. Wallahi na ɗauka na iya..."

"Kin iya mana. Wasu ne suka fi ki sa'a."

"Ko dai kaina ne bai kai ba?"

Ya ɗauki lemo yana ɓarewa.

"Lissafin can ciki da wuya, Autata. Wataƙila an hutar da ke ne."

Wannan maganar ta fi rashin kujerar ciwo. Ta shiga kasuwanci kanta a ƙasa. Littattafan da ya ba ta ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado, don duk lokacin da ta gan su sai ta ji kamar wadda ta sa rigar da ba tata ba aka kama ta a taro.

A gida kuwa sai ga abin mamaki. Baba ya fara kiran Malam "ɗana". Har kujera ya sa aka saya masa a shago, ya huta da bokiti. Aka sa rana.

Gimbiya ce ta fasa ƙwan.

Suna ɗaki da rana, tana zaune gaban madubi tana gyaran gira, ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ƙawata, ashe aure za ki yi ba labari? Ki gode min wa angon, don Allah."

"Godiyar me?"

"Au, bai faɗa miki ba? Innata ce sakatariyar sashe, ita ke shigar musu da shayi. Ta ce farfesa ta dage sai ke, shugaba ma ya yarda. Malam ne ya ce ya san ki, lissafinki ba zai kai ki ko'ina ba, amsar ma haddace ta kika yi."

"Ƙarya kike!"

"To."

"Hassada ce ke cin ki!"

"Wataƙila." Ta hure gashin girar daga yatsanta. "Ni dai da ni ce, da na tambaya."

Auta ta san Gimbiya ba don Allah ta faɗa ba. Ta daɗe tana lura da yadda take ƙara turare duk ranar darasin Malam. Amma maƙiyi ma yakan faɗi gaskiya, in gaskiyar ta fi ƙarya kaifi.

Ta same shi a ofis yana gyaran takardun jarrabawa.

"A'a, amaryata! Shigo..."

"Ka dubi idona."

Hannunsa ya tafi wajen tabarau.

"Bar shi a fuskarka! Ka dube ni. Kai ka ce haddacewa na yi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ashe kai ne."

"Auta, zauna mu yi magana kamar manya."

"Amsata daidai ce ko ba daidai ba?"

"Ba wannan ce maganar ba..."

"Daidai ce ko ba daidai ba?!"

Ya sauke numfashi.

"Babu wanda ya kai ki a ranar."

Ta dafa bango. Wata da watanni tana jiran wani ya faɗa mata haka, ga shi ta ji daga bakin da ya fi kowa sani, kuma ba ta da inda za ta kai shi.

"Don mu na yi, zuciyata. Don ni da ke! Kin san yadda nake sonki. Ba zan iya jira ba, ba zan iya rasa ki ba..."

"Aikinka ne ba za ka iya rasawa ba."

"Da me zan riƙe ki in babu aikin?"

"Da ka ce min haka. Da ka ce, Auta, ni matsoraci ne, ki taimake ni. Wallahi da wataƙila na bar maka kujerar da hannuna. Amma ka zauna a falonmu, kana ɓare min lemo, kana kallona ina cewa kaina bai kai ba... ka ce an hutar da ni!"

"Na yi kuskure..."

"Kuskure shi ne ka taka mutum a duhu. Kai fitila ka kunna."

"Ki yafe min, Autata. Zan saya miki kowane littafi kike so, zan koya miki da kaina a gida, abin da ya fi na aji..."

Har ga Allah yana ganin tayi mai kyau ya yi. Haka muke: mu rushe gida, mu kawo labule a matsayin diyya, mu kuma tsaya jiran godiya.

"Ka je ka faɗa wa shugaban sashe gaskiya," in ji ta.

Hannunsa ya koma wajen tabarau.

"Ka je yanzu, ina nan ina jira. In ka je, ranar da aka sa tana nan."

Fankar sama na ta juyawa. Ya dubi ƙofa, ya dubi takardun gabansa.

"Za su kore ni, Auta."

"Na sani."

Bai tashi ba.

Ita ta tashi, ta fasa auren.

Gida ya ɗau zafi. Baba, wanda a da ko sallamar Malam ba ya amsawa da daɗi, shi ne ya fi kowa tsalle.

"Don ya hana ki abin da ni ma na hana ki? Ai wannan shi ne abu na farko mai hankali da yaron nan ya yi!"

"Kai a gabana ka hana ni, Baba."

"To sai me?"

"Shi a bayana."

"Gaba da baya, ba ga ki a kasuwanci ba?"

Yaya ya ce taurin kai zai bar ta a gida har ta tsufa. Umma kuwa sai da suka keɓe ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

"Yi kukanki, 'yar nan. Amma kada ki yi a gabansu."

Auta ta yi tunanin zuwa ta tona Malam. Sau da yawa ta kai bakin matattakalar sashen ta juyo. Shaidarta ɗaya ce, innar Gimbiya, wadda ba za ta saka aikinta a wuta don 'yar wani ba. Kuma, abin kunyar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba ta son ganinsa a titi.

Son bai mutu ba. Wannan ne ya fi komai ba ta haushi. Wayarta in ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, in ta duba ta ga ba shi ba ne sai ta tsani kanta.

Malam ya yi ta aike, ya yi ta roƙo, har ya rame. Gimbiya ta lura da ramar, ta fara kai masa tambayoyi ofis, daga tambayoyi sai abinci a kula. Mutumin da aka jefar ba ya tambayar wa ya shimfiɗa katifar da ya faɗa a kai.

Ana tsakiyar zango na biyu, Auta na zaune a ajin lissafin kamfani, ƙamshin wani turare da ta sani ya tsaya a kanta.

"Matsa min, ƙawata."

"Me kike yi a nan?"

"Na dawo kasuwanci." Gimbiya ta zauna tana gyara mayafi. "Kin san dokar nan tasu. Malam ya ce in zaɓa, ko aurensa ko kujerar, ni kuwa ko minti ban ɓata ba. Dama zane-zanen nan nasu ciwon kai suke sa ni. Saukowa ba wuya, hawa ne sai kwamiti."

Auta ta juyo ta dube ta.

"Kujerar tana can ba kowa, in har yanzu kina so. Ara min biro."

Auta ba ta jira an tashi ba. Ta haye benen sashen tattalin arziki da gudu, ta shiga ofishin shugaba tana haki.

Dattijon ya saurare ta har ƙarshe.

"Na tuna ki. Mai tsohuwar tasha." Ya girgiza kai. "'Yata, ba a shiga a tsakiya. Sun yi nisa, kuma zaɓin sau ɗaya ake yi. Haka kujerar za ta zauna har 'yan ajin su fita."

"Ba kowa a kanta, ranka ya daɗe..."

"Ba kowa."

Ta yi godiya, don an koya mata yin godiya.

A matattakala suka yi kiciɓis. Yana hawowa da littattafai a hammata, ya yi ƙiba, sabuwar riga a jikinsa. Wurin ƙunci ne, ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Auta..."

Ta dubi bangon da ke bayansa.

"Auta, wallahi har yanzu ni..."

"Malam, ba ni hanya."

Ya manne da bango, littattafan a ƙirji.

Wannan karon ya ba ta.