Baƙin Tef a Damtsen Wendell

"Naɗe hannun rigarka."

Wendell bai ɗago daga kan kwanon wake ba. "Rae, abinci nake ci."

"Na ce ka naɗe!"

Cokalin ya tsaya. Opal, 'yarsu mai shekara guda, ta daina buga tebur, ta zuba musu ido.

Tun da rana Raelynn take lura da mijinta. Ga sanyin Nuwamba ya sauko daga kan duwatsu, shi kuwa gumi yake yi. Hannunsa na rawa. Da zarar ya zaci ba ta kallo sai ya dafe ƙirji. Ta san irin wannan. Ta gani a jikinsa kafin aurensu, lokacin da allurar maye take juya shi. Ta gani a jikin yayanta Dwight, wanda aka tsinci gawarsa a banɗakin gidan mai.

A bakin kabarin Dwight ne mahaifinta, Hollis, ya sa ta rantse. Ya yarda ta auri Wendell, amma duk ranar da ya koma ruwa, za ta tattara kayanta ta dawo gida. Ta rantse.

Shekara uku Wendell bai taɓa allurar ba. Sai ƙusa ta huda masa ƙafa a injin katako, ciwon ya ci har ƙashi. Likita ya ce sai an yi makonni ana ɗura masa magani ta jijiya. Aka zura masa siririyar roba a damtse, ta haura kafaɗa, ta gangara cikin babbar jijiyar sama, ta tsaya daidai inda jijiyar take haɗuwa da zuciya. Ga wanda ya taɓa shiga harkar allura, wannan ƙofa ce a buɗe. Asibiti suka yi ta jan ƙafa kafin su sallame shi da ita. Raelynn ce ta tsaya masa.

Yanzu ita ce ta fizgi hannun rigar da kanta.

Farar filastar da nas take liƙawa duk mako ba ta nan. Baƙin tef ne, irin na ɗaure wayar lantarki, an nannaɗe shi zagaye da damtsen.

"Mene ne wannan?"

"Filastar ce ta ɗaye."

"Ta ɗaye... sai ka gyara ta kamar wayar mota? Kalle ni, Wendell."

Ya kalle ta. Ba fuskarsa ta duba ba, ƙwayar idonsa ta duba. Ya gane. Ya yi wani guntun murmushi mai ciwo.

"Ban taɓa komai ba, masoyiyata."

"Kar ka ce mini masoyiya! Dwight ma rantsuwa ya yi mini ana gobe zai mutu. Ina ka je da safe?"

"Shan iska."

"Da wannan ƙafar?"

Ya mayar da ido kan kwanon. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta ɗauki waya ta kira mahaifinta.

"Baba... ka zo."

Kafin ta ajiye, Wendell ya yunƙura zai tashi, ya kama bakin tebur, ya sulale ƙasa a gwiwa. "Rae... zuciyata. Kamar tsuntsu ne a ciki."

A akori-kurar Hollis suka tafi asibiti, Opal a cinyarta, kan Wendell a jikin gilashi. Ta jira tsohon ya fara. Ai shekara uku yake jiran wannan ranar. Amma ko tari bai yi ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana gudu irin wanda ba ta taɓa ganin ya yi ba.

Wannan ma bai kwanta mata ba.

Aka karɓi fitsarinsa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Nas Verna, wata ƙatuwar mata mai furfura da ta saba zuwa gidansu canza filastar, ta tsaya a kansa tana kallon tef ɗin.

"Sannu, injiniya! Da ka faɗa mini ka iya, ai da na huta da hawa dutsenku."

Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna wa Raelynn hoton. Wani farin zare ya taso daga kafaɗa ya lanƙwaso ƙasa.

"Kin ga nan? Nan babbar jijiya take zuba jini cikin zuciya. A nan muke tsayar da bakin robar, don jini yana da yawa, yana kwashe maganin nan take. Sama da nan ba kyau, ƙasa da nan ba kyau. To dubi inda tasa take." Yatsanta ya gangara. "Ta shige ciki. Tana zungurar zuciyar, ita kuma tana zabura. Shi ne gumin, shi ne rawar jikin."

"Maye ba ya sa haka?" in ji Raelynn.

"Yana sawa. Sai sakamako ya fito." Verna ta juya kan Wendell. "Da hannunka ka tura ta, ko?"

"Zamowa ta yi. Na mayar."

"Sau nawa na ce maka idan ta fito ba a mayarwa? Ka kwaso dattin waje ka kai bakin zuciyarka! Me ya hana ka kira ni?"

"Da na kira..." Ya kalli Raelynn, ya kau da kai. "Wa zai yarda?"

"Roba ba ta zamowa haka kawai. Na ce kada ka ɗaga abin da ya fi galan ɗin madara nauyi. Me ka ɗaga?"

Wendell ya juya fuska wajen bango.

"Faɗa mata mana!" Raelynn ta matso kusa da shi. "Idan kana da gaskiya ka faɗa! Wallahi Wendell, in ka yi shiru, daga nan gidan Baba zan wuce da yarinyar nan!"

Ya runtse ido.

"Barewa ce."

Daga bakin ƙofa maganar ta fito. Hollis yana tsaye, Opal a kafaɗarsa, idonsa a kan takalminsa.

"Na harbe ta da safe a bayan rafi. Bayana ya ƙi, na kasa ɗaga ta. Na kira Wendell ya taya ni jefa ta a mota. Ya ce an hana shi." Tsohon ya gyara riƙon Opal. "Na ce masa... na ce ashe 'yata ba namiji ta aura ba, ɗan renon nas ta ɗauko."

"Baba..."

"Shi kaɗai ya ɗaga ta. Na ga jini a rigarsa. Tef ɗin ma na cikin motata ne."

"Kuma na kira ka, ka ji abin da nake zargi, ka ja bakinka ka yi shiru tun daga gida har nan?"

Hollis ya juya da yarinyar ya fita.

Verna ta sa safar hannu. "Wannan robar ta gama aiki. Zan zare ta, ka kwana biyu a nan mu ga ko zazzaɓi zai zo, sannan a sa sabuwa a ɗaya hannun. Kai kuma da tef, kun rabu har abada."

Da ta gama ta fita, Raelynn ta zauna a bakin gadon. Ba ta taɓa shi ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Dwight ya tafi. Mamanki ta tafi. Shi kaɗai ya rage miki, Rae. Ni kin saba zargina. Shi ba ki saba ba."

Maganar ta shige ta. Duk da haka idonta na kan ƙofa. Barewa daban, fitsari daban. Mutum yana iya ɗaga barewa da safe ya yi wani abin da rana. Ta tsani kanta da wannan tunanin, amma ya ƙi fita.

Verna ta leƙo. "Fitsarin tsaf yake. Babu komai."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a kan hannunsa mai lafiya, kafaɗunta na jijjiga.

"Sai da aka faɗa miki kika yarda," ya ce a hankali.

"Eh." Ba ta ɗago ba. "Ka yafe mini, farin cikina. Ina son ka kamar raina... amma ba zan yi maka ƙarya ba. Gobe in na ga kana gumi, zan sake dubawa."

Ya sa yatsunsa cikin gashinta.

"Ki duba. Amma ki fara tambayata inda yake mini ciwo."

Ta ɗago, fuska jage-jage da hawaye.

"Ina yake maka ciwo?"

"Ko'ina," ya ce. "Matso."