Goron da Aka Kai Kambarawa

Malam Ɗantsoho ya zazzage baƙar ledar a kan tabarma, gaban Bashira. Goro bakwai suka gangaro, da 'yar alawa. Ya koma ya ɗauki allurarsa.

"Kin san ko mi ne ne wannan?"

"Goro ne, Baffa..."

"Goron neman aurenki ne. Jiya aka kai shi Kambarawa, aka karɓa, aka yi fatiha. Yau aka aiko mani da rabona, kamar yadda ake aika ma maƙwabci."

Bashira ta ƙura wa goron ido.

Mahaifinta ya rasu tana shekara huɗu. Malam Ɗantsoho, yayan mahaifin nata, shi ya ɗauko ta ya riƙe a gidansa na ƙasa da ke Gobarau. Da ɗinkin hannu na manyan riguna ya kai ta har aji uku a jami'a a Zariya. Ƙaninsu kuwa, Alhaji Babaji, bana ya ci kansila da sojoji suka miƙa mulki, ya tare a sabon gidan siminti a Kambarawa. Kowa a Katsina ya san ba a neman auren yarinya wurin ƙaramin uba alhali babba yana raye.

"Wa ya nuna masu hanyar Kambarawa?"

Ya yi tambayar bai ɗago ba. Allurar tana shiga tana fita a wuyan wata farar shadda.

"Ban sani ba, Baffa."

"Tau. Yaron nan Nu'umanu shekara biyu yana zuwa zauren nan zance. Ya san ni, ya san ƙofata. Da lokacin mutunci ya zo sai ya kai manyansa inda mota take. Na aika ma baffansa da magana ɗazu. Muddin ina numfashi, babu ɗiyata a gidansu."

"Baffa!"

"Kwashe goronki ki shiga ciki."

Ta kwashe. Ɗaya ya kuɓuce mata har sau biyu.

Ƙarya ta yi. Ita ta nuna hanyar.

Baffan Nu'uman, Alhaji Sammani na Ƙofar Marusa, tsohon babban sakatare ne a ma'aikatar gwamnati. Ran da Nu'uman ya ce mata manyansa za su zo cikin wannan hutu, abin da ta fara gani a ranta shi ne zauren Gobarau da damina: kwanoni uku a ƙasa suna tarar yoyo, ga Baffa da tabarau ɗaure da zare. Ta faɗa wa Sumayya, ɗiyar Alhaji Babaji. Sumayya ba ta ko yi tunani ba.

"Ke kau! Kawo su gidanmu mana. Ga kujeru, ga fanka. Daga baya sai Baba ya je ya shaida ma Baffa, shi ke nan."

Alhaji Babaji bai je ba. Ranar yana zaman majalisa. Aka ƙulla goro a leda aka aika.

Kwana biyar suka wuce. Da safe Bashira tana koya wa 'yan matan unguwa lissafi a tsakar gida, waɗanda za su zana jarrabawar shiga jami'a. Da hantsi ta yi wanki, ta shanya, hadari ya taso, ta kwashe. Da rana ta buɗe littattafan zangon da za a shiga, ta karanta shafi ɗaya sau huɗu. A labaran ƙarfe ɗaya rediyo ya sanar cewa ɗalibai za su koma ranar Lahadi ta sama. Baffa yana amsa gaisuwarta, ba ya ƙara komai.

Ranar Litinin Sumayya ta zo cikin motar gidansu, da sabon leshi. Ta gaishe da Inna Mero, matar Baffa, ta ja Bashira ɗaki.

"Kin rame, 'yar boko."

"Mi ya kawo ki?"

"Zumunci. Kuma na ga gara ki ji daga bakina." Ta gyara zaman gyalenta. "Alhaji Sammani ya ce shi ba ya zuwa neman aure sau biyu. Ya je, an karɓa, an shafa fatiha. Baba kuma ya ce ba zai ji kunya a idon manya ba. Tunda a gidansa aka karɓi goro, in ɗiyar Gobarau ta gagara, ai shi ma yana da ɗiya."

Bashira ta dube ta sosai.

"Ke?"

"Ni ban ce komai ba. Magana ce ta iyaye."

"Ke kika ƙulla ma Baffa goron nan a leda, ko ba ke ba?"

"An ce a raba, na raba." Sumayya ta yi murmushi. "Ki je ki gaya mashi mana. Sai dai in ya tambaye ni wa ya fara kawo maganar Kambarawa, kin san ni ba ni iya ƙarya gaban babba."

Ta fita tana yi wa Inna Mero sallama da murya mai zaƙi.

Washegari Bashira ta ɗauki littattafai ta ce za ta laburare. Tun da aka hana Nu'uman zuwa zaure, can kaɗai suke iya haɗuwa. Yana shekarar ƙarshe a fannin haɗa magunguna, yana aikin hutu a wani kantin magani. Ta same shi a baranda, ruwa yana zuba, wandonsa ya jiƙe har gwiwa.

"Ranki ya daɗe."

"Kar ka yi mani wasa, Nu'uman. Gaskiya ne maganar Sumayya?"

"Gaskiya ne an yi ta. An kira ni jiya."

"Ka ce mi?"

"Na ce ni mutum na nema, ba gida ba."

Ta sauke numfashi. Shi bai yi murmushi ba.

"Ba ta ƙare ba, Bashira. Baffa Sammani ya ba ni zuwa Juma'a. Ya ce na sa an zage shi da furfurarsa. Ko in karɓi abin da aka ba ni, ko in nemi wani ya shige mani gaba. Kin san babu wanda zai shige mani gaba in shi ya janye."

"Ka gaya mashi ni ce na..."

"A'a."

"Mi ya sa?"

"Ya tambaye ni sau uku. Na ce kuskurena ne."

"Mi ya sa, Nu'uman?!"

Mai gadin laburaren ya leƙo. Ta rage murya.

"Don in ya ji ke kika tsallake wanda ya raine ki, ba zai sake yarda da ke ba har abada. Ni ɗansa ne, zai huce." Ya share ruwan goshinsa. "Na tambaye ki ran nan, na ce anya ba Gobarau ba? Kika ce Baffa da kansa ya ce a je can."

Ta sunkuyar da kai.

"Ban zo in yi maki gori ba, masoyiya. Zan iya ɗaukar zagin Ƙofar Marusa. Amma tsohon nan na Gobarau yana zaune yana ganin ni na raina shi. Wannan ba ni da maganinsa. Yana wurinki."

"In na faɗa mashi, zan rasa shi."

"In ba ki faɗa ba?"

Ruwan bai gama tsayawa ba ta rufe littattafan da mayafinta ta kama hanya.

Ta tarar da Baffa a zaure bayan la'asar, ya ja tabarma kusa da ƙofa saboda haske. Kwanonin suna nan, ɗaya ya kusa cika. Ta durƙusa nesa da shi.

"Baffa, ina da magana."

"In ta yaron nan ce, na gama."

"Tawa ce."

Allurar ta tsaya.

"Ni na ce su je Kambarawa. Shi ya ce Gobarau. Na yi mashi ƙarya, na ce kai ka ba da izini. Da ka tambaye ni, kai ma na yi maka ƙarya."

Ɗigon ruwa kaɗai ake ji a kwano.

"Dalili?"

"Na ji... na ji kunyar su zo nan."

Ya cire tabarau, ya ajiye a kan rigar. Ya dubi rufin, ya dubi bangon, sannan ya dube ta.

"Zauren kika ji kunya, ko mai zauren?"

Amsa mai sauƙi tana bakinta. Ta san in ta faɗe ta zai yi kamar ya yarda. Ta haɗiye ta.

"Duka biyun, Baffa."

Inna Mero, da ke laɓe a ƙofar shiga gida, ta saki salati.

Malam Ɗantsoho bai motsa ba. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Da kin ce zauren kaɗai, da na san har yanzu ƙarya kike yi."

Hawaye ya zubo mata. Ba ta share ba.

"Yaron ya san ke kika yi?"

"Ya sani."

"Ya faɗa ma manyansa?"

"Ya ce masu laifinsa ne."

"Kwana shida ana zaginsa gida biyu, bai buɗe baki ba."

"E, Baffa."

Ya naɗe shaddar a hankali, ya soke allurar a hularsa.

"Mero, ɗauko mani rigata ta Juma'a."

"Malam, ina za ka da yammacin nan? Ga hadari bai sauka ba."

"Ƙofar Marusa."

"Haba Malam! Gidan masu nema? Uban ɗiya shi ke bin su? Mi mutane za su ce?"

"Su ce. Na aika ma dattijo da magana marar daɗi kan laifin da ba nasu ba. Ba zuwa ba da ɗiya zan yi ba. Haƙuri zan ba shi."

Bashira ta ɗago a firgice.

"Baffa, in ya ji ni ce..."

"Zan ce mashi kuskuren daga gidana ya fito. Gidana ne ko ba gidana ba?"

Ya tafi a ƙasa, da lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Bashira ta zauna a zauren, ta zubar da ruwan kwanonin, ta mayar da su, ta sake zama. Sai gab da magariba ya dawo, takalmansa duk taɓo. Bai ce mata komai ba. Inna Mero ya yi wa magana.

"A share zaure ranar Juma'a. A aika ma Babaji ya zo."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wata mota fijo ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga. Alhaji Sammani ya tako da mutum uku, suna tattare riguna saboda caɓi. Suka tuɓe takalma, suka zauna a tabarma. Alhaji Babaji ya zo a makare, ya samu wuri kusa da ƙofa. Sumayya ba ta zo ba. An ce kanta ke ciwo.

Bashira tana bayan bango, ita da Inna Mero. Aka daɗe ana gaisuwa: gajiya, iyali, ruwa, amfanin gona, sabuwar gwamnati. Sannan Alhaji Sammani ya gyara murya.

"Malam, mun zo nema ma ɗanmu Nu'umanu auren ɗiyarka Bashira."

"Ta gama karatunta tukuna."

"Mun yarda."

"Tau, na ba shi. Ban ba shi don gidanku ba, Alhaji, ko da yake gidan mutunci ne. Na ba shi don yaron ya iya riƙe bakinsa a kan mace."

Aka shafa fatiha. Inna Mero ta ranƙwashi Bashira a ka, sannan ta juya ta rangaɗa guɗa.

Da baƙi suka watse, aka ce Nu'uman yana bakin lungu, kunya ta hana shi ƙarasowa. Bashira ta leƙa ta ƙofa. Ya ɗaga mata hannu daga nesa, yana dariya kamar wanda aka sauke wa kaya. Ta ɗaga masa nata, ta nuna masa zauren da ido, alamar ba ta gama da Baffa ba. Ya gane, ya gyaɗa kai, ya juya.

Baffa ya riga ya koma kan ɗinkinsa. Ta durƙusa inda ta durƙusa ran Talata.

"Baffa, na gode. Allah ya ƙara girma."

"Amin."

"Ka yafe mani..."

Ya lumshe ido ɗaya yana zura zare. Sau biyu yana kuskure ramin allurar.

"Yaron na yafe mashi tun ran Talata, don bai yi mani komai ba. Babaji ma na yafe mashi, bai san abin da yake yi ba tun da aka ba shi kujera. Ke ki ba ni lokaci."

"Tau, Baffa."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta miƙe, har ta kai ƙofar shiga gida.

"Bashira."

"Na'am."

"Jibi za ki koma?"

"E, da safe."

"In kin isa ki rubuto wasiƙa." Zaren ya shiga. Ya ja shi, ya ƙulla. "Ki rubuta da ajami. Ba ni son wani ya karanta mani."