Yatsa Na Shida

"Miƙo min namu," in ji Hajiya, tana zama a bakin gado. "Wancan kuma riƙe abinki."

Kwana ashirin ke nan da Malama ta haifi tagwaye maza, ɗaya fari sol kamar ubansa Tela, ɗaya baƙi wuluk kamar ita. Tun ranar surukarta Hajiya ta raba su gida biyu. Farin shi ne "namu", shi ake yi wa rawa. Baƙin kuwa ko tawul ɗinsa ba ta taɓa ɗagawa ba.

Dama can ba son auren take ba. Shekara uku Tela yana lallashinta, tana cewa su farare iri ne daban, jininsu ba ya haɗuwa da na baƙaƙe. Da ƙyar ta amince, amma bakinta bai huta ba.

"Ku ji da kyau," ta ce. "Ana yaye su, namu zai koma wurina. Ba zai tashi da halin wasu ba."

Hawaye ya zubo wa Malama, ta sunkuyar da kai.

"Haba Hajiya!" in ji Tela. "Ciki ɗaya fa suka kwanta —"

"Rufe min baki!"

Auta, ƙanwar Tela mai karatun likita, ta ajiye wayarta. "Mama, wallahi wannan lissafin naki ko siro ba zai ci a jarrabawa ba. Ƙwayoyin gado dubbai ne a jikin mutum, 'yan kaɗan ne ke kula da launi. Sai ki ga farare biyu sun fi nisa da juna a kan fari da baƙi. Mu a asibiti in za a ƙara wa mutum jini, gwaji ake yi, ba fata ake dubawa ba."

"Boko ya gama da ke," in ji Hajiya.

Da suka fita Tela ya riƙe hannun matarsa. "Ba mai raba mana 'ya'ya, kin ji? Ki ƙara haƙuri." Ita dai tsoro bai bar ta ba, don ta san bai iya musu da uwarsa.

Washegari da hantsi Malama tana wanka, Auta ta tafi makaranta, baƙin ya tsanyara kuka. Hajiya ta yi tsaki, ta sake yi, ta ga ba sarki sai Allah, ta ɗauke shi a ɗofane. Tawul ya zame. Yaron ya cafke babban yatsanta da hannun hagu.

Sai ta yi turus. Gefen ƙaramin yatsansa ga wani ɗan yatsa na shida.

Ta dubi nata hannun hagun, wanda shekara sittin take ɓoyewa cikin mayafi. Cindo iri ɗaya, wuri ɗaya, irin na marigayi mahaifinta. Ta buɗe hannun farin ta ƙirga. Biyar cif.

Malama ta shigo ta same ta tana kuka.

"Kin san da wannan?"

"Tun ranar farko, Hajiya."

"Kika yi shiru, ina ta cin mutuncinki?"

"Na ga ba kya son a yi maganar hannunki."

Kunya ta rufe Hajiya. "Yafe min, 'yata. Hannun ubana na ƙi taɓawa kwana ashirin."

Haka gado yake: launi ya bi ta nan, yatsa ya bi ta can, babu layin da ya raba 'yan Adam iri-iri. Wanda ya auna dangi da fata, wata rana nasa zai kora. Haƙurin Malama kuwa ya tsare mata 'ya'yanta, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

Da yamma Tela ya dawo daga shago, ya ji uwarsa tana cewa, "Miƙo min namu."

"Wanne, Mama?" in ji Auta tana ƙunshe dariya.

Hajiya ta harare ta, ta fito da hannuwanta biyu daga cikin mayafi. "Makauniya ce ke? Ba biyu ba ne?"